Me aikin ɗan sanda ke yi wa mai sanye da kakin?

Abu Hanif:
Salam jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina so mu tattauna a nan, maganar matsin da 'yan sanda ke ciki a bakin aiki. Kullum in aka ɗauko zancen ɗan sanda to zancen cin hanci ne ko cin zali, kuma ba na musu akwai su, amma ban taɓa ganin mun tsaya mun tambayi me aikin nan yake yi wa shi kansa mutumin ba. Shi ake fara kira in mota ta kife, shi ake kira in an tsinci gawa, shi zai je rabon faɗan miji da mata da tsakar dare, shi zai ƙwanƙwasa ƙofa ya gaya wa uwa ɗanta ya rasu, sannan ya koma gida a ce ya zauna ya yi wasa da yara kamar ba abin da ya faru. A Birtaniya jami'ar Kambirij ta yi bincike a 2018 kan 'yan sanda da ma'aikatansu kusan 17,000, aka samu kusan ɗaya cikin biyar yana da alamun ciwon firgicin nan da ke kama mutum bayan ya ga tashin hankali, kuma yawancinsu ba su ma san suna da shi ba. Don Allah masu aikin da iyalansu da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ku yi mana bayani.

Ɗan Talaka:
Malam Abu Hanif da girmanka amma ni gaskiya wannan maganar ba ta shige ni ba. Wa ya yi musu dole? Da ƙafarsu suka je suka cike fom suka karɓi kaki. Ni an taɓa tsare ni a shinge ba laifin tsaye ba na zaune, aka mare ni a gaban ƙanena don kawai na tambayi dalili, har yau in na ga kaki sai gabana ya faɗi. To ni nawa firgicin wa zai yi bincike a kai? Kowane aiki da wahalarsa, direban babbar mota ma kwana yake a hanya bai mari kowa ba.

Ummu Sadiq:
Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa, wanda ya mare ka bai kyauta ba ko kaɗan.

Tsohon Sufeto:
Ɗan Talaka ɗana, ba zan kare wanda ya mare ka ba, ya yi zalunci kuma ya cancanci hukunci, wannan a ajiye shi gefe guda. Amma tunda an nemi masu aikin su yi magana bari in faɗi abin da na sani, ni da na tsufa a cikin kaki har na ajiye shi.

Mutanen waje sun ɗauka abin da ke cin ɗan sanda shi ne tsoron harsashi. Wallahi ba shi ne babba ba. Harsashi da 'yan fashi kowa ya san da su tun ranar da ya shiga horo, zuciya ta riga ta shirya. Abin da ke karya mutum yana cikin gida ne, cikin ofis. Ka tashi daga diyutin dare kana shirin cire takalmi a ce maka kada ka tafi, ba wanda zai karɓe ka, ka ci gaba. Ka tsara hutunka ka gaya wa iyali, ana gobe tafiya sigina ta sauko an soke hutun kowa. Ka kwana a tsaye, da safe ka zauna a kantar ofis kana rubuta ripot idonka na rufewa, daga nan ka wuce kotu ba da shaida ka yini a benci a ƙarshe a ɗage shari'ar. Ka sha wahala ka kamo mai laifi da hujjojinka, waya ɗaya daga sama a ce ka sake shi, bayan kwana kaɗan ka haɗu da shi a hanya yana kallonka. Ka yi kuskure ƙarami takardar neman ba'asi ta iso kafin ka isa gida, ka yi aiki mai kyau ko sannu babu. Wanda kuka shiga tare ya wuce ka da igiya biyu don yana da uwa a gindin murhu. A canja maka wurin aiki cikin dare ɗaya, yara na tsakiyar zangon karatu, ba wanda ya tambayi ra'ayinka.

Gawa kam na gani iri-iri, akwai warin da har yau in na tuna sai in ji shi a hancina kuma abinci ya fita raina. Amma abin da ya fi hana ni barci a lokacin shi ne jin cewa in abu ya ɓaci ni kaɗai za a bari a tsaye, oga zai zame ya ce bai ba da umarni ba.

Malamin Nazarin Halayya:
Baba Sufeto abin da ka faɗa shi ne kusan abin da masu bincike suka daɗe suna cin karo da shi. Sun raba matsin aikin ɗan sanda gida biyu, akwai na fagen aiki wato haɗari da gawa da faɗa, akwai kuma na tsarin ma'aikata wato shugabanci da yawan takardu da ƙarancin ma'aikata da rashin adalci wajen ƙarin girma, kuma a bincike da dama na biyun ne ya fi alaƙa da lalacewar lafiyar ma'aikaci. Tun 1979 wani masani Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi kwantar da mutum shi ne wanda ake ɗora maka nauyi mai yawa amma ba ka da ta cewa kan yadda za ka yi shi ko yaushe. A 1996 kuma wani masanin da ke aiki a Jamus, Johannes Siegrist, ya ƙara da cewa in mutum na zuba ƙoƙari mai yawa ladan da yake samu kaɗan ne, ba kuɗi kaɗai ba har da girmamawa da ƙarin girma da tabbacin aiki, to jikinsa ne ke biya. Ku duba ƙaramin ɗan sanda, duka biyun sun haɗu a kansa, nauyi ga shi nan, iko da jadawalinsa babu, godiya babu.

Ɗan Talaka:
To malam duk na ji, amma ogansa ne ya ɓata masa rai ni kuma sai ya huce a kaina? Ya je ya mari ogan mana.

Maman Ilham:
Ɗan Talaka ai ba a kanka kaɗai ake hucewa ba, mu da ke gida mu muka fi kowa sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigidana ɗan sanda ne kuma lokacin da aka yi aurenmu mutum ne mai fara'a mai son hira, in ya fara ba ka labari sai cikinka ya yi ciwo don dariya. Yanzu in ya dawo sai ya tsaya a ƙofar gida ya daɗe a zaune bai shigo ba, ina jin shi, ban san me yake tunani ba. In ya shigo yara su yi tsit don sun san ƙaramin motsi zai sa ya daka tsawa, cokali ya faɗi ƙasa sai ka ga ya zabura. Ba ya zama ya ba ƙofa baya ko a falonmu ne, dole sai inda yake ganin mai shigowa. Da dare ya yi ta juyi, in barcin ya ɗauke shi kuma ya farka a firgice jiƙe da gumi, na tambaye shi ya ce ba komai ki kwanta. Kullum ba komai. Suna da biki duk ya daina zuwa, abokansa na da duk ya watsar sai 'yan wurin aiki kawai, ya ce sauran mutane ba sa ganewa. Ranar da yake hutu kuma ba shi da kataɓus, yana kwance da waya a hannu har yamma, ka ce ya kai yaro asibiti ma sai ya ce ke ki yanke shawara ni na gaji da yanke shawara. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba Alhamdulillah amma wlh mutumin da na aura ba shi ne wannan ba, kuma na san ba ƙina yake yi ba, aikin ne ya cinye shi.

Ummu Sadiq:
Allah sarki Maman Ilham, Allah ya ba shi lafiya ya ba ki ladan haƙuri. Na karanta har idona ya kawo ruwa.

Sista Nas:
Maman Ilham 'yar'uwa abubuwan da kika lissafa ba halin banza ba ne, alamu ne da muka sani a asibiti. Bari in ɗan yi bayani yadda kowa zai gane.

In mutum ya hango haɗari jiki na sakin sinadarai irin su adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, ido da kunne su buɗe. Wannan rahama ce, shi ke sa mutum ya tsere ko ya kare kansa, kuma in haɗarin ya wuce komai ya kamata ya sauka. To ɗan sanda saboda bai san wace mota ce ko wace ƙofa ce ke ɗauke da ajalinsa ba, sai ya yini ya kwana a wannan yanayin, kamar injin da aka tayar aka manta ba a kashe ba. In ya dawo gida sai jikin ya faɗi warwas, shi ne wannan mutuwar jikin da shirun da kike gani, gobe ya sa kaki ya sake hawa. Shekara da shekaru a haka sai ka ga hawan jini, ciwon suga, ƙiba a ciki, ciwon zuciya, gyambon ciki ya yi ta tashi, ga saurin fushi. Akwai wani farfesa a Amurka John Violanti, shi kansa tsohon ɗan sandan jihar Niyok ne, ya shafe shekaru yana bin lafiyar 'yan sandan birnin Bafalo, kuma ya samu masu yawan aikin dare sun fi haɗa waɗannan alamun da ke kai mutum ga ciwon zuciya da suga.

Sai maganar barci, wadda ni a ganina ita ce uwa uba kuma ita ce za ta amsa wa Ɗan Talaka wani ɓangare na tambayarsa. A 2011 an wallafa bincike kan 'yan sanda 4,957 a Amurka da Kanada, kashi 40 cikin 100 aka samu da alamun wata cutar barci, wajen ɗaya cikin huɗu kuma suka ce barci na sace su suna tuƙi aƙalla sau ɗaya a wata. Masu matsalar barcin sun fi yin kuskure a aiki, kuma da bakinsu suka fi amsa cewa fushi na ƙwace musu a kan wanda ake tuhuma. Wani binciken na Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin motsinsa na raguwa daidai da wanda ya sha giya har ta kai 0.05 cikin 100 a jininsa, ma'aunin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. To ku yi tunanin an ba wannan mutumin bindiga an ce ya yanke hukunci cikin daƙiƙa ɗaya.

Ɗan Talaka:
Sista wannan kam ta ba ni tsoro. Kenan wanda ke tsaye a shinge da bindiga yana iya zama bai runtsa ba tun jiya.

Tsohon Sufeto:
Tun shekaranjiya ma wani lokacin ɗana.

Abu Hanif:
Shi ya sa na ɗauko maganar. Ba don a yafe wa azzalumi ba, a hukunta shi, amma in ana hukunta ɗaya ana kuma ci gaba da fito da gajiyayyu ɗari kan titi to marin ba zai ƙare ba, mu ne dai za mu ci gaba da sha.

Alhaji Na Allah:
Ni dai a ganina duk wannan ƙarancin tawakkali ne. Iyayenmu sun yi aikin nan ba su san wani likitan ƙwaƙwalwa ba, mutum ya riƙe addu'a da ibada zuciyarsa za ta natsu. Kada mu koya wa maza raki.

Tsohon Sufeto:
Alhaji ai ni ina cikin iyayen da kake magana, kuma na ga yadda muka ƙare. Addu'a ita ta riƙe ni ba na wasa da ita, amma na ga masu ibada sosai da suka ajiye aiki ba a jima ba shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da su, na ga waɗanda kwalba ta tafi da su, na ga waɗanda gidajensu suka watse. Ba a kira shi da suna ba ne kawai a lokacin, sai a ce wane ya zama mafaɗaci, wane ya lalace. Mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan maganinsa ba wanda ya ce masa rago, to wannan ma haka ne.

Alhaji Na Allah:
Na karɓi wannan Yallaɓai, neman magani ba ya kore tawakkali. Abin da nake gudu kawai kada ya zama hanyar gudun aiki, kowa ya ce yana da damuwa a ba shi hutu.

Sabon Kurtu:
Assalamu alaikum iyaye da yayye, ni ina cikin aikin yanzu haka shi ya sa ban sa sunana ba. Alhaji wlh akasin haka ne ke faruwa, ba wanda ke son a san yana da damuwa ko da hutu za a ba shi. In ka buɗe baki ka ce oga kaina ba daidai ba, abu na farko za a karɓe bindigarka, na biyu a rubuta a fayil ɗinka ya bi ka har ritaya, na uku kafin yamma duk bariki an ji, ana nuna ka ana cewa ga wanda ya taɓu. Wa zai yarda ya fita sintiri da kai bayan nan? To sai kowa ya haɗiye. Akwai ranar da muka je wurin haɗarin mota muka ciro yara da hannunmu, wani yaro takalmin makarantarsa ɗaya na ƙafarsa, ɗayan kuma yana can tsakiyar titi, muka gama muka wanke hannu da ruwan gora aka ce mu koma shinge. Ba wanda ya ce yaya kuke ji. A mota sai manyanmu suka hau barkwanci ana dariya, da farko na ɗauka rashin imani ne, daga baya na gane da dariyar suke toshe abin. Ni kuma na yi makonni in na rufe ido takalmin nan nake gani.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne na fara jin ba na jin komai. Mace ta zo kantar ofis tana kuka an yi mata sata ni kuma a raina ina cewa ki yi sauri ki gama. Da ba haka nake ba. Wasu abokan aikina kuma sun koma ƙwaya, ta hana barci da dare ta sa barci da rana, tun ana yi don aiki har ta zama jiki.

Malamin Nazarin Halayya:
Ƙanena wannan mutuwar zuciyar da ka ce tana cikin alamun ƙonewar ma'aikaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a 2019 a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, alamunsa uku, gajiyar da hutu ba ya kore ta, jin ka yi nisa da aikin da mutanen da kake yi wa, da jin ba ka tsinana komai. Likitoci da nas-nas da malamai ma na fama da shi. Yadda ka lura da shi da kanka tun yanzu abu ne mai kyau ƙwarai, don wanda ya daɗe a ciki ba ya ma ganin ya canja.

'Yar Sanda:
Bari in sa baki ta ɓangaren mata don ba a cika tunawa da mu ba. Duk ƙarar da ta shafi fyaɗe ko cin zarafin yara mu ake turo wa, wai mu ne masu tausayi. Ki zauna da yarinya ƙarama tana ba ki labari dalla-dalla, ki rubuta, ki kai ta asibiti, ki sake maimaitawa a kotu, gobe wata ta zo. Ki koma gida ki kalli taki 'yar ki ji ba ki yarda da kowa ba, ko makaranta ba kya son ta je, har dangi kike zargi. Masu binciken laifukan intanet ma haka, suna zaune a ofis ba wanda ya harbe su amma hotuna da bidiyon da suke kalla kullum sun ishi mutum ciwo. Ga aikin dare da goyo, ga wasu abokan aiki maza da ke jiran ki nuna gajiya su ce dama mun faɗa aikin ba na mata ba ne, wani ogan kuma ya matsa miki da abin da bai dace ba ki rasa wa za ki kai ƙara tunda shi ne ake kai wa ƙara. Sai ki daure fiye da kowa don kada a ce.

Maman Ilham:
Sannu 'yar'uwa, wlh ban taɓa tunanin naku ɓangaren ba.

Abu Hanif:
Akwai kuma maganar da ake jin nauyin faɗa, ta masu kashe kansu. A Amurka wani rahoto ya ƙirga aƙalla 'yan sanda 140 da suka kashe kansu a 2017, alhali waɗanda suka mutu a bakin aiki a shekarar 129 ne. A Faransa 59 ne a 2019, har dubban 'yan sanda suka yi maci a Faris ranar 2 ga Oktoba na shekarar, cikin kokensu akwai awannin ƙarin aiki sama da miliyan 20 da suka taru ba a biya su ba. Ƙasashe da yawa kuma ba a ma ƙirgawa.

Sista Nas:
Tunda an taɓo wannan don Allah kowa ya riƙe. In ɗan'uwanka ko abokin aikinka ya fara cewa na gaji da rayuwa, ko gara ba ni, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama da mutane, kada ka ce wasa yake. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da makami na ɗan lokaci, a kai shi wurin likita a ranar. Abin da ya sa haɗarin ya fi yawa a wannan aikin har da kasancewar makami a kusa, mummunan tunanin kan zo ya wuce, in ba abin da hannu zai kai gare shi a wannan lokacin sai mutum ya tsira.

Ɗan Talaka:
Innalillahi. To ni yanzu tambayata, me ake yi a kai? Don in magana ce kawai mun sha ta.

Malamin Nazarin Halayya:
Akwai abubuwan da aka gwada. A Amurka an yi gwaji a biranen Ditiroyit da Alintan aka raba 'yan sanda masu diyutin awa 8 da 10 da 12, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna masu awa 10 sun fi masu awa 8 samun barci da kusan rabin awa kuma ƙarin aikinsu ya ragu sosai, masu awa 12 kuma sun fi jin gyangyaɗi a bakin aiki. Kenan gyaran jadawali kaɗai na canja abubuwa. A Birtaniya rundunoni da dama sun ɗauki wani tsari da ya samo asali daga sojojin ruwansu, ana horar da wasu daga cikin abokan aiki, in an yi mummunan abu bayan kamar kwana uku su zauna da wanda abin ya shafa su ji halin da yake ciki, bayan wata ɗaya su sake dubawa, wanda abin bai sake shi ba a haɗa shi da likita. Amfaninsa shi ne ɗan sanda ya fi sakin jiki da wanda ya san aikin. Amma tara mutane a ɗaki ɗaya a tilasta wa kowa ya faɗi abin da ya gani a zama guda, wannan bincike bai nuna yana hana ciwon ba. Shi kuma ciwon firgicin yana da magani, akwai hanyoyin jinya ta tattaunawa da ƙwararru da ke aiki sosai, mutane na warkewa su koma bakin aikinsu.

Tsohon Sufeto:
Malam duk suna da kyau amma ni dai na ce a fara da ogogi. Ka kawo likita goma, in mai rubuta jadawali bai san darajar barcin yaransa ba aikin banza ne. Na yi aiki a ƙarƙashin wani shugaba da in an dawo daga mummunan aiki zai kira ka ofis ya rufe ƙofa ya ce zauna, ya ba ka ruwa, ya ce gobe kada in gan ka, kuma in ka yi daidai aka taso maka daga sama shi zai tsaya a gabanka. Albashinmu bai ƙaru ba, motarmu ba ta canja ba, amma a wurin nan ba na tuna an kawo ƙarar ɗayanmu kan dukan wani. Aka canja shi aka kawo mai zagi a gaban fareti, cikin ɗan lokaci rabin mutane suna neman canjin wuri, sauran kuma suna hucewa a kan jama'a.

Maman Ilham:
Sista don Allah ni yaya zan yi in shawo kansa ya ga likita? In na ce likitan ƙwaƙwalwa faɗa za mu yi.

Sista Nas:
Kada ki fara da ƙwaƙwalwa Maman Ilham, ki fara da barci da awon jini, waɗannan ba namijin da ke jin kunyarsu. Ki zaɓi ranar da ya huta ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, ki gaya masa abin da idonki ya gani ba tare da zargi ba, kamar na ga ba ka barci kuma kana farkawa a firgice, hankalina ya tashi, mu je a duba jininka. In kun je ki samu likitan ki faɗa masa maganar mafarkin da zaburar, shi ya san yadda zai ɓullo masa. Kada ki matsa sai ya ba ki labarin abin da ya gani, wasu suna ɓoyewa ne don kare iyali, ki dai nuna masa in ya so faɗa kina nan. In akwai wani tsohon abokin aikinsa da yake girmamawa ki sa shi a maganar. Ke ma ki samu wadda kike faɗa wa damuwarki don zama da mai wannan halin na gajiyar da mutum, kuma in wata rana fushin ya kai ga taɓa ki ko yara to tsaronku ne farko, ki nemi taimako nan take.

Maman Ilham:
Na gode sosai Sista, Allah ya saka da alheri. Akwai wani ubangidansa da ya yi ritaya yana jin maganarsa, zan fara ta wurinsa.

Ɗan Talaka:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa wanda ya ci zali a hukunta shi a fili kowa ya gani, gajiya ba hujja ba ce. Amma na yarda a ƙara da cewa ogan da ya fitar da mutum sintiri da bindiga bayan kwana biyu ba barci shi ma a tuhume shi in abu ya faru. Kuma a riƙa duba lafiyar kowa duk shekara, babba da ƙarami.

'Yar Sanda:
In dai kowa da kowa ne har manya to zai yi aiki, don ba wanda za a nuna a ce shi ne ya je. Amma sharaɗi ɗaya, likitan ya zama na waje ba wanda ke sara wa oganmu ba, kuma abin da na faɗa masa kada ya shiga fayil ɗina sai in akwai haɗari ga raina ko na wani. In ba haka ba duk za mu je mu ce lafiya lau mu fito.

Sabon Kurtu:
Gaskiya ne anti. Baba Sufeto in ba damuwa zan yi maka magana ta akwatin sirri, akwai abokin aikina da maganganunsa suka fara kama da abin da Sista ta faɗa, kuma gobe da dare tare aka sa mu.

Tsohon Sufeto:
Kada ka jira gobe ɗana, turo yanzu ina nan. Ka kira shi ma a waya ka ji inda yake kafin mu gama magana.